Ƙofar da Aka Ƙi Buɗe wa Bauke

A garinmu Lemsum, nan bakin teku a ƙasar Holan, kafin Lammert Heringa ya sa gilashi a shagonsa, ba wanda yake tsintar labarin mutuwa a titi. Bauke Miedema ne yake kawo maka shi har ƙofar gida.

Dogo ne siriri, yana ɗan jan ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ya yi a kan ƙanƙara yana saurayi. Idan an yi rasuwa sai ya sa baƙar kwat, ya ɗora doguwar hularsa mai baƙin ƙyalle da ke reto har gadon baya, in yaro ne ya rasu ƙyallen fari, ya bi gari gida-gida. Ƙwanƙwasarsa daban take da ta kowa. Da ƙashin yatsa yake yi, a hankali, kamar mai neman izini. In an buɗe sai ya cire hula, ya faɗi sunan mamaci da gidansu da ranar da za a binne shi. Daga nan sai ya yi shiru. Ba ya juyawa sai kai ka fara motsawa. Na ga ƙattin masunta da ba su taɓa kuka a gaban mutum ba sun yi shi a cikin shirun nan, Bauke yana tsaye yana kallon ƙasa kamar bai gani ba. Idan kuwa mutum a nesa ya mutu, a teku ko a wurin aikin soja, Bauke ɗin ne ake turawa ya faɗa wa uwa ko mata.

Ni Tietje ce. Gidan burodin da ke kan kwanar kasuwa nawa ne tun rasuwar mijina, kuma ni nake gasa ƙananan burodin da ake ci da gahawa in an dawo daga maƙabarta. Saboda haka aikina da na Bauke tare suke tafiya, na san shi ciki da bai. Ƙungiyar jana'iza ta gari ce ta ɗauke shi aiki, ɗan gidan da yake zaune a bayan coci ma nata ne. A gidan nan matarsa Hiltje take kwance shekara da shekaru, ɓarin jikinta ya shanye. An jingina gadonta da taga don ta riƙa ganin itacen tuffar da ta dasa da hannunta tana amarya. Bayan itacen nan da Bauke ba ta da sauran komai a duniya.

Kada wani ya ce na tsani talla. Garinmu garin talla ne tun fil'azal. Kafin bikin Ista mahauci yakan rataya wa sansa furanni a wuya ya zagaya da shi, kowa ya ga naman da zai ci tun yana tafiya da ƙafarsa. Mai kifi yana da ƙararrawa. Ni kaina in burodi ya fito daga tanda nakan fito bakin ƙofa in busa ƙaho, har karnukan unguwa sun san sautin. Kowa da tallarsa, kowa kuma ya san inda tasa ta tsaya.

Ban da Lammert. Shagon yadi ya gada wurin ubansa, mutumin kirki mai kunya. Shi kuwa ɗan ya je babban birni ya ɗan kwana biyu, ya dawo da murɗaɗɗen gashin baki da kalma ɗaya a bakinsa, zamani. Ya fasa bangon shago ya sa gilashi tun daga sama har ƙasa. Ya sa aka rubuta sunansa a bangon gidan mai kifi, da jikin kwalekwalen fito, da kalandar da yake rabawa a Kirsimeti, da jaridar mako. Ya ba ƙungiyar jana'iza kyautar sabon baƙin mayafi na rufe akwatin gawa, aka yi ta sa masa albarka, sai daga baya muka ga sunan shagonsa a ɗinke a gefe da ƙananan baƙaƙe. Maimakon a yi masa faɗa, sai aka naɗa shi shugaban ƙungiyar. Mutanenmu ke nan.

Wata safiya Bauke ya zo karɓar burodin Hiltje, sai ga Lammert ya shigo da ƙunshin takardu a hammata.

"Baba Bauke, ashe kana nan. Ka hutar da ni," in ji shi, ya zare takarda ɗaya ya miƙa masa. An yi mata baƙin zagaye kamar ta sanarwar rasuwa. A ciki an rubuta baƙin yadi, safar hannu, huluna, ɗinki cikin gaggawa, a shagon Heringa. "Na sa a jarida, rabin gari da ita suke kunna murhu. Amma kai, ba ƙofar da ba ta buɗe maka. In ka gama faɗin abin da ya kawo ka, sai ka miƙa wannan. Shi ke nan fa."

Bauke ya daɗe yana duban takardar. Ya ce, "Maigida, da hannun da na riƙe hula zan miƙa ta?"

"To ai hannu biyu Allah ya ba ka."

Na ajiye abin da ke hannuna na ce, "Lammert, kai ko kunya ba ka ji? Ubanka da ya ji wannan da ya nutse a ƙasa."

"A'a, Inna Tietje, ke ce da magana? Burodin makokin naki kyauta kike rabawa?"

"Ni sai an zo an same ni. Ka taɓa ganina a ƙofar mamaci da faranti a ka?"

Ya yi 'yar dariyarsa ta 'yan birni, ya juya wurin Bauke, ya sassauta murya. "Ni fa taimakonka nake. Akwai masu cewa a ƙungiya ƙafar nan taka ta gaji, a nemo matashi a ba shi aikin da gidan. Ni nake tare su. Yaya jikin Inna Hiltje?"

A gabana ya tambayi jikin Hiltje, da wannan bakin. Bauke ya karɓi sauran takardun. Ya sa burodin a hammata ɗaya, takardun a ɗaya, ya fita yana jan ƙafa.

Dabarar da ya ɓullo da ita, ba wanda zai yi ta sai shi. Da aka yi rasuwa ta gaba, ya sa kwat da hula ya zagaya gari hannu wofi kamar kullum. Ya koma gida ya rataye hular, ya sa tsohuwar shuɗiyar rigarsa ta aikin lambu, ya ɗauki takardun ya sake bin gari daga farko, har gidajen da ke can ƙarshen ganuwar da ta tare teku. Da yamma na same shi zaune ya tsoma ƙafar cikin ruwan ɗumi, ta kumbura suntum.

Na ce, "Bauke, kashe kanka za ka yi?"

Ya ce, "Tietje, ba zan sa mutuwa da talla a aljihu ɗaya ba. Mai hula daban, mai shuɗiyar riga daban."

Hiltje tana jinmu daga gado. Bakinta ya karkace, magana da ƙyar take fita, amma na ji ta ce, "Saboda ni ne." Ya ce mata ta yi barcinta, motsa jiki yake.

Da labari ya kai wa Lammert cewa ya yi, "Ƙafarsa ce, ba tawa ba." Sai kuma ya yi tunani irin nasa. Tun da tsohon yana zagaye na biyu daban, me ya sa za a jira sai wani ya mutu? Sai ga takardar yadin bazara, ga ta labule. Mai shagon magani, shi ma ɗan ƙungiya ne, ya ƙara da tasa ta maganin tari. Mai takalma ya ce shi ma ai yana zuba kuɗin ƙungiya. Kafin ka ce me, Bauke yana kan titi kusan kowane mako, ba gawa ba dalili. Kuma an gindaya masa sharaɗi, hannu da hannu zai miƙa, don in zurawa ce ta ƙarƙashin ƙofa ai kowa ma zai iya.

Abin da Bauke bai lissafa ba shi ne, mutumin da ke cikin gida ba ya ganin riga. Jan ƙafa yake ji a kan duwatsun titi, sai ƙwanƙwasa. Waɗannan biyun kuwa gari ya shekara talatin yana jin su da ma'ana ɗaya. Ya gwada bugawa da sanda, ya gwada yin tari tun daga nesa, duk a banza, ƙafar tana tona shi.

A gidan ƙarshe na kan ganuwa Sietske Wiersma take zaune. Teku ta cinye mijinta da babban ɗanta. Saura ɗaya, Jelmer, yana aiki a jirgin da ke ɗauko katako daga ƙasashen arewa. Ranar da Bauke ya fara kai mata takarda tana feraye dankali. Ta ji ƙafar, ta ji ƙwanƙwasar. Da rarrafe ta isa ƙofa. Ta buɗe ta gan shi da shuɗiyar riga yana miƙo mata tallar labule.

"Bauke," in ji ta, "ka kashe mini ɗa ka tashe shi a kan labule?"

Ya shiga ba ta haƙuri. Ta ce, "Kada ka sake taɓa ƙofar nan. Ka ji ni ko? Kada ka sake."

Ba ita kaɗai ba ce. Mutum ba zai yi ta faɗuwar gaba kowane mako a kan maganin tari ba, dole ya gaji. Da farko ana buɗewa da fargaba, daga baya da tsaki, daga ƙarshe aka daina buɗewa. Sai ka ji daga ciki an ce, "A zura ta ƙarƙashi!" Maganar ta zama abin wasa a gari, har a mashaya in wani ya dami wani da surutu ita ake jefa masa. Mutumin da ake miƙewa tsaye in ya wuce, shi aka mayar haka. Kuma ba wanda ya je ya ce wa Lammert uffan, duk a kan tsohon aka sauke haushin, don shi ne ba ya ramawa.

Da kaka ta yi aka yi wata iska mai tsanani. Bayan ta lafa, wata safiya ana yayyafi, ina share ƙofar shago sai na ga Bauke ya wuce da kwat da hula. Bai tsaya gidan kowa ba, ya miƙe hanyar ganuwa. Nan na gane Jelmer ne. An bugo waya ofishin tashar jiragen ruwa, su kuma suka sanar da shugaban ƙungiya kamar yadda aka saba, shugaban ya tura Bauke. Na yafa mayafi, na ɗauki burodi guda, na bi shi daga nesa, don bai kamata a bar mace ita kaɗai a irin wannan rana ba.

Ya isa, ya cire hular tun kafin ya ƙwanƙwasa.

"Ban ce kada ka sake ba?" in ji Sietske daga ciki. "Zura ta ƙarƙashi, ko ka mayar wa mai gashin bakin!"

"Sietske, buɗe."

"Ba na saye! Labulena lafiyarsa lau."

"Sietske, don Allah ki buɗe."

Sai muka ji ta ja kujera ta koma can cikin ɗakin girki. Na matso na ce masa, "Ka faɗa daga nan mana, za ta ji." Ya girgiza kai. Ya ce tun da yake bai taɓa faɗa wa katako mutuwar mutum ba, ba kuma zai fara da ɗan Sietske ba. Na ce to bari ni in kira ta. Ya ce, "Da wannan muryar taki? In kin kira ta kin faɗa ke nan. Bari ta huce, za ta buɗe." Muka tsaya. Ruwa yana bin sanƙon kansa yana shiga wuyan kwat, bai mayar da hular ba. Lokaci-lokaci yakan sake ƙwanƙwasawa a hankali.

Muna nan tsaye sai muka ji ihu daga bayan gidan. Ban taɓa jin irinsa ba, ba na kuma fatan in sake ji.

Lammert ne. Ya ba Bauke ɗan lokaci, ya ƙiyasta a ransa cewa an gama, sai ya biyo ta hanyar lambuna ya shiga ta ƙofar baya kamar yadda masu kawo kaya suke yi, yadi a hammata, igiyar awo a wuya. Sietske ce ta maimaita mini abin da ya ce daga baya, kalma bayan kalma, don har ta mutu bai bar kunnenta ba. "Inna Sietske, sannu da haƙuri. Jelmer yaron kirki ne, Allah ya ji ƙansa. Na kawo miki iri biyu ki zaɓa, kada ki wahalar da kanki zuwa shago."

Ta fizge ƙofar gaba tana neman hanyar gudu, ta yi kiciɓis da Bauke, jiƙe sharkaf, hula a hannu. Ta dubi hular, ta dubi baƙin ƙyallen.

"Tun yaushe kake nan?"

Ya gyara tsayuwa ya faɗi abin da ya zo faɗa yadda ya saba, sunan Jelmer da na ubansa da sunan jirgin. Sa'an nan ya yi shiru. Ta kama gaban kwat ɗinsa da hannu biyu ta kifa kai a ƙirjinsa.

Lammert ya leƙo ta bayanta yana cewa shi fa ya zaci an riga an faɗa mata. Burodin da ke hannuna na ɗazu ne, da nauyinsa. A kan gashin bakin nan na sauke masa shi, kuma abin da na faɗa masa a ranar ba zai rubutu ba.

To ku ji abin da ƙungiya ta yi. Ta zauna, mutanen kirki masu zuwa coci kowace Lahadi, Lammert a kan kujerar shugaba, ta yanke cewa laifin Bauke ne. Wai ya tsufa, ya kasa isar da saƙo a kan lokaci har ya jefa shugaba cikin abin kunya. Wai kuma bin gida-gida ya zama tsohon yayi, tun da mutane ma sun daina buɗewa. Su suka sa aka daina buɗewar, su kuma suka kafa hujja da ita! Daga ranar, sanarwar rasuwa a kati za a riƙa rubutawa a kafa a gilashin shagon Heringa, inda kowa ke wucewa. Lammert ya ce ba zai karɓi ko kwabo ba a kan wannan hidima, aka tafa masa. Gidan bayan coci kuwa aka ba da shi haya.

Ni da Sietske muka ɗauko Hiltje a keken kai burodi muka kawo ta ɗakin da ke bayan tandata. Akwai ɗumi, amma tagarsa bango take kallo. Ba ta yi ƙorafi ba, sau ɗaya dai ta tambaye ni ko itacen ya fara fure. Ba ta kai furen ba. Katinta aka kafa a gilashi tsakanin hulunan mata biyu.

Bauke ya ƙara 'yan shekaru a wurina, yana tankaɗe gari yana jera itace. Bai sake ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, har tawa. In ya zo ya tarar a rufe sai ya tsaya a waje yana gyaran murya har in ji. Hular tana rataye a ƙusa, kowace Asabar yakan kaɗe mata ƙura ya mayar.

Ranar da ya rasu na je na sanar da ƙungiya kamar yadda doka ta ce. Kafin rana ta take sai ga katinsa a gilashi, an jingina shi da kwalin baƙar safar hannu, farashin safar ya fi sunansa girma. Na tsaya ina kallon mutane suna wucewa. Wasu suka duba, wata ta shiga tambayar safar. Raina ya ɓaci har idona yana rufewa. Na koma gida na sauko da hular daga ƙusa. Ban sa ta ba, ba tawa ba ce, a hannu na riƙe ta, na fara daga gidan farko na titin kasuwa.

Na ƙwanƙwasa. Wata amarya ta ce daga ciki, "A zura ta ƙarƙashi!"

Ni ba Bauke ba ce. Na cire takalmina na katako na yi ta dukan ƙofar har ta buɗe a firgice. Na ce mata Bauke Miedema ya rasu, za a binne shi jibi, kuma za ta tsaya nan ta ji da kunnenta. Haka na bi garin duka. Shagon Lammert kaɗai na tsallake, shi ai yana da kati.

Gidan ƙarshe na kan ganuwa ban kai ga ɗaga hannu ba ƙofa ta buɗe. Tun daga waccan ranar Sietske ba ta sake barin mutum ya jira a ƙofarta ba, ko da mai tallar allura ne. Ta dubi hular a hannuna. Na faɗi sunansa da ranar binnewa, na juya zan tafi don ƙafafuna sun gaji.

Ta riƙo hannuna. Ta ce, "Ina za ki? Ba ki gama ba. Shi ba haka yake tafiya ba."

Sai na dawo na tsaya, muka yi masa shirun.